Oxford ko Cambridge? Ga amsar da na ba Yayana kan 'yarsa

Makon jiya bayan isha'i Yayana ya kira ni, yace malaman 'yarsa sunce ta gwada neman Oxford ko Cambridge tunda sakamakonta na A-level, wato jarrabawar ƙarshen sakandare ta tsarin Ingila, yana kyau, shi kuma a wajensa duk kanwar ja ce, tsofaffin gine-gine ne da Turawa masu baƙaƙen riguna, "ke da kika zauna can wanne zata cike?" Nace Yaya wannan ba amsar waya bace, bari in zauna in rubuta, in yaso duk mai irin tambayar shima ya amfana.

Ni dai a Oxford nayi digiri na biyu, Cambridge kuma zuwa nake yi wajen wata ƙawata dake karatu a can, har na kwana a kwalejinsu sau da dama, to abinda na gani ne zan faɗa. Kuma dole sai an zaɓa ɗin, dan mai neman digirin farko ba'a yarda ya nemi duka biyun a shekara ɗaya ba, ɗaya zaka saka a fom ɗin UCAS, wato hukumar da ake neman jami'o'in Birtaniya ta hannunta, kuma 15 ga Oktoba ake rufewa, tun kafin na sauran jami'o'in Ingila. Sannan tun yanzu in faɗa, WAEC kaɗai bata kai mutum ko ɗaya daga ciki, sai an haɗa da A-level ko IB, wato takardar gama sakandare ta ƙasa da ƙasa, ko makamancinsu. Masu neman masta da dakta su kam suna iya neman duka biyun.

Ku manta da rankin ɗin nan da ake yaɗawa a WhatsApp, bana wannan ce a sama baɗi waccan, ba abinda zai canza a rayuwar yarinya 'yar shekara 18. Abinda zata rayu dashi kullum shine al'adun wajen, yadda ake karatu, yadda ake cin abinci, kayan da ake sawa, inda zata yi sallah, kuma anan ne suka bambanta duk da cewa uwa ɗaya ta haife su. Eh uwa ɗaya, dan Cambridge daga cikin Oxford ta fita. An san ana koyarwa a Oxford tun wajen 1096, ta bunƙasa bayan 1167 lokacin da Sarki Henry na biyu ya hana ɗaliban Ingila zuwa karatu Faris, sai a 1209 aka kashe wata mata a garin, mutanen gari suka rataye wasu ɗalibai a kai, malamai da ɗalibai suka watse, wasu suka yada zango a Cambridge, shikenan aka samu jami'a ta biyu. Rigimar 'yan gari da 'yan makaranta ma bata tsaya nan ba, a 1355 gardama akan giya a wani shago ta zama faɗan kwana da kwanaki da ya ci ɗalibai fiye da 60, har sai da aka ɗora wa shugaban garin Oxford biyan tara duk shekara, ba'a daina ba sai 1825.

Bari in fara da karatun tunda shi aka je yi. Duka biyun tsarin kwalejoji suke, Cambridge na da 31, Oxford ma talatin da wani abu, kwalejinka nan ne gidanka, nan ɗakinka, nan ɗakin cin abinci, nan laburaren kusa, nan kuma ake maka abinda ya sa sunansu ya fita, wato zaman da Oxford ke kira tutorial, Cambridge kuma supervision. Suna ne kawai ya bambanta. Ɗalibi biyu ko uku, wani lokacin ma kai kaɗai, ku zauna da malami a ofishinsa awa guda, ka riga ka rubuta maƙala ko ka warware lissafin da aka baka, shi kuma ya bi ta layi layi yana tambayarka daga ina ka samo wannan, in akace ba haka bane me zaka ce. Duk wanda ya taɓa zama a zaure gaban malam da littafinsa, ya biya, malam ya gyara masa, ya ja masa baƙi ya fassara, wallahi zai gane abin nan take, karatun zaure ne sak, ba inda zaka ɓuya a bayan aji. Akwai wata yarinya 'yar digirin farko da muke hawa bene ɗaya a kwalejinmu, duk daren Laraba fitilarta bata mutuwa, da safe in ganta ta fito da takardu a hannu ido jajur, bayan awa ɗaya ta dawo tana magana ita kaɗai tana ci gaba da gardamar da suka yi da malamin. A zango uku na ga yadda bakinta ya buɗe. Wannan abin ne nake wa 'yar Yayana kwaɗayi, kuma ko ina ta je cikin biyun zata same shi.

Inda aka rabu shine kwas da jarrabawa, kuma nan nake roƙon iyaye su nutsu. A Oxford in kimiyya zaka yi tun ranar farko ka zaɓi abu ɗaya, fiziks ko kemistiri ko bayoloji, ka nutse a ciki. A Cambridge kuwa akwai abinda suke kira Natural Sciences, shekarar farko ka ɗauki fannonin kimiyya uku haɗe da lissafi, a hankali kana ragewa har ka tsaya kan wanda zuciyarka ta kwanta dashi. Ga yaron da ya san me yake so na Oxford yafi, ga wanda har yanzu yana tsakanin biyu na Cambridge rahama ne. Haka kuma PPE, wato haɗin falsafa da siyasa da tattalin arziki da aka fara a 1920, na Oxford ne, shi Malala Yousafzai ta karanta ta gama a 2020, shi Imran Khan ya karanta. Likitancin dabbobi da zanen gine-gine kuma sai Cambridge. Kaga tun anan ma wani zaɓinsa ya ƙare ba sai an je ga sauran ba.

Jarrabawa kuma, a yawancin kwasakwasan adabi da tarihi na Oxford ta shekarar farko wucewa kawai ake so kayi, nauyin digirin kusan gaba ɗaya yana kan ta ƙarshe, takardu a jere cikin 'yan makonni, shekara uku na wahala a ɗora su kan wannan ɗan lokacin. Cambridge tsarinsu da suke kira Tripos kashi kashi ne, kusan duk ƙarshen shekara akwai babbar jarrabawa da ake baka matsayi. Wani yafi son a bar shi ya nuna a hankali sai ƙarshe ya fito da ƙarfinsa, wani kuma in aka tara masa komai a rana ɗaya rikicewa yake. Uwa ta san wanne ne ɗanta. Zangon karatu kuma a duka biyun mako 8 ne kacal, sau uku a shekara, kar gajartar ta ruɗe ku dan aikin wata huɗu ake dannawa a ciki, shi yasa ma basa son ɗan digirin farko ya riƙa aikin neman kuɗi lokacin zango, wanda ke lissafin zai yi aiki ya riƙe kansa ya sake lissafi.

To sai kaya. Nan kam Oxford tafi riƙo da tsohuwar al'ada nesa ba kusa ba. Akwai shigar da ake kira sub fusc, baƙar kwat ko baƙin siket ko wando, farar riga, ɗan ƙulli a wuya ko baƙin zare, baƙin takalmi, sannan baƙar rigar nan ta sama mai kama da alkyabba da hular ilimi a hannu. Da ita ake rantsar da sabbin ɗalibai a ɗakin taro na Sheldonian, 'yan mintuna ne ana karanta Latin, kuma da ita ake shiga jarrabawa, duk jarrabawar jami'a. A 2015 an yi ƙuri'a ko a daina, ɗaliban da kansu kusan kashi uku cikin huɗu suka ce a bar musu abinsu. Mai sa hijabi ba matsala, baƙi zata sa ya shiga da kayan, nima haka nayi. Bazan manta safiyar jarrabawata ta farko ba, na buɗe akwatin wasiƙuna a ƙofar kwaleji na tarar da fure fari an naɗe gindinsa da takarda, dan al'adar itace farin fure ranar farko, ruwan hoda a tsakiya, ja ranar ƙarshe, kuma ba kai zaka saya wa kanka ba wani ne zai baka. Na maƙala shi a ƙirji na fito titi, duk inda na duba baƙaƙen riguna ne iska na kaɗawa akan kekuna, wani tsoho mai shara ya kalli furen yace Allah ya bada sa'a irin tasu. Ranar da na sa ja kuwa mutanen da ban sani ba suna min murna a hanya. Abin yana sa ka ji jarrabawar nan ba kai kaɗai ka ɗauke ta ba.

A Cambridge da kayanka na gida zaka shiga jarrabawa, ko rigar sanyi ce. Suma suna da rigar saman, kowace kwaleji da irin ɗinkinta, ta Trinity ma shuɗiya ce, amma sai wajen cin abincin dare na musamman da bukukuwa. In yarinya mai son sauƙi ce wannan zai mata daɗi.

Akwai abu ɗaya da ya kamata Musulmi ya sani tun wuri game da bikin yaye ɗalibai na Cambridge. A ɗakin Senate House ake yi, wani jami'in kwaleji ya miƙa hannunsa na dama ɗalibai huɗu kowa ya riƙe yatsa ɗaya ya kai su gaba, a kira sunanka ka durƙusa gaban shugaban taron ya riƙe hannayenka ya karanta Latin, kuma asalin kalmomin suna ƙarewa da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Da Yaya ya ji wannan shiru yayi a waya. Amma an bada zaɓi, tun kafin ranar zaka sanar cewa baka son a ambaci wannan ɓangaren, kuma kana iya cewa bazaka durƙusa ba, ƙawata haka tayi a tsaye aka bata digirinta ba wanda ya ko ɗaga gira. Oxford ma nasu bikin da Latin ne da sunkuyawa, akwai tanadi ga wanda ba Kirista ba. Jami'o'in nan a cikin coci suka girma, kusan kowace tsohuwar kwaleji da ɗakin ibadarta, ba'a tilasta kowa shiga, amma gara yaro ya tafi da saninsa.

Haka zancen cin abincin da suke kira formal hall, duka biyun suna yi. Dogayen tebura na katako, kyandir, hotunan mutanen da suka mutu shekaru ɗaruruwa a bango, malamai a nasu teburin can sama, a buga guduma kowa ya miƙe a karanta addu'ar Latin sannan a zauna. Akwai giya a teburin, wannan gaskiya ce. Ni abinda nake yi da na zauna sai in kife kofin giyar in jawo na ruwa, masu rabawa sun gane, ba mai tambaya. Wajen yin rajista zaka zaɓi abincin ganye ko kifi, wasu kwalejojin suna da na halal in ka sanar da wuri, to wannan tambaya ce da za'a yi wa kwaleji kafin a zaɓe ta, dan a gaskiya bambancin kwaleji da kwaleji a wannan fannin yafi bambancin Oxford da Cambridge. Kuma kar a guji zuwa, a teburin nan na zauna kusa da wata farfesar ilimin cututtuka muka yi awa biyu muna zancen zazzaɓin cizon sauro, irin wannan haɗuwar ba'a samunta a ɗaki.

Yanzu ga abinda ya fi nauyi a wajen Yaya, kuma na san a wajen iyaye da yawa. Cambridge har yau tana da kwalejojin mata zalla guda biyu, Newnham da Murray Edwards. Oxford bata da ko ɗaya, ta ƙarshe St Hilda's ta fara ɗaukar maza a 2008. Abin mamaki kuma Cambridge ɗin ce ta makara wajen ba mata digiri, sai 1948, alhali Oxford ta fara tun 1920, duk da cewa tun 1890 wata ɗalibar Newnham mai suna Philippa Fawcett ta doke duk mazan shekararta a jarrabawar lissafi amma ba'a bata digirin ba. Kar dai a ɗauka kwalejin mata kulle ce, lakca da ɗakin gwaje-gwaje duk a haɗe ake da maza, baƙi ma suna shigowa, amma wajen kwana da kicin da banɗaki na mata ne, yawancin lokaci yarinya zata iya fitowa kicin da daddare ta dafa indomi ba tare da neman mayafi ba. Wanda bai zauna a hostel ɗin haɗaka ba bazai san girman wannan ba.

Sallah kuma alhamdulillahi duka biyun ba laifi. Cambridge ta samu babban masallaci a titin Mill Road da aka buɗe a 2019, ginshiƙansa na katako ne sun tashi sun rarrabu a sama kamar rassan bishiya, haske na saukowa ta tsakaninsu, na yi Juma'a a ciki sau ɗaya na kasa tashi bayan an sallame. Oxford kuma tana da Cibiyar Nazarin Musulunci da aka kafa a 1985 da masallacinta, ga masallatan unguwar Cowley Road, kuma a wannan titin ne zaka samu naman halal da shagunan da ake samun doya da manja da attarugu. Oxford ta ɗan fi girma, ta fi kama da gari mai harkokinsa, har masana'antar motar Mini na can, Cambridge kuma kamar jami'ar ce ta haɗiye garin, shimfiɗaɗɗiya, kowa a keke, ga wata iska mai sanyi da ke shiga har ƙashi. Duka biyun wajen awa ɗaya ne zuwa Landan a jirgin ƙasa. Lokacin sanyi kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, a shirya wa wannan ma.

Shagulgula bazan daɗe a kai ba. Oxford na da safiyar 1 ga Mayu, ƙarfe shida mawaƙan kwalejin Magdalen su hau hasumiya suyi waƙa dubban mutane a ƙasa tsit. Cambridge na da May Week wanda a watan Yuni ake yi bayan jarrabawa, bukukuwan kwana har asuba da tikitin wasu ke haura fam 200, ba dole bane kuma da yawa basa zuwa. Akwai tseren kwale-kwale tsakaninsu a kogin Thames tun 1829, 'yan Oxford da kaya shuɗi mai duhu na Cambridge mai haske, har tuƙa ɗan jirgin da ake turawa da gora ma sai da suka saɓa, kowa da ƙarshen da yake tsayawa. Ga mai son muhawara da siyasa, zauren muhawarar Cambridge ya girmi na Oxford, 1815 da 1823, amma na Oxford yafi suna, Benazir Bhutto ta shugabance shi, kuma firaministocin Birtaniya sama da 30 ta Oxford suka bi. Cambridge kuma tana taƙama da Newton da Darwin da gano siffar DNA a 1953.

Laburare kam sai na ɗan tsaya dan ina sonsa. Bodleian ta Oxford da aka buɗe a 1602, kafin a baka kati sai kayi alkawarin bazaka shigo da wuta ba, bazaka ɓata littafi ba, kuma littattafan babban ɗakin basa fita, ko Sarki Charles na ɗaya da ya nemi aro a 1645 hana shi aka yi. Babban laburaren Cambridge kuwa zaka shiga tsakanin kantoci da kanka ka ɗauko ka tafi dashi ɗaki. Kuma ga wani abu namu, a Cambridge aka naɗa malamin koyar da Hausa tun ƙarshen ƙarni na 19, Charles Robinson, madaba'ar jami'ar ce ta buga ƙamusunsa na Hausa a 1899. Ita kuma Oxford a 1935 Kofoworola Ademola daga Legas ta gama a kwalejin St Hugh's, baƙar mace ta farko daga Afirka da ta samu digiri a can. Ba yau muka fara taka wuraren nan ba.

Kuɗi kuwa duka biyun tsada ce mai tsanani ga ɗan ƙasar waje, kuma manyan tallafin da ake ji, Rhodes da Clarendon a Oxford, Gates a Cambridge wanda aka kafa a 2000, duk na masu digiri na biyu ne zuwa sama. Na digirin farko kaɗan ne ƙwarai. Na faɗa wa Yaya ƙarara, in aljihu bazai ɗauki shekara uku ba ba faɗuwa bace tayi digirin farko a gida ko wani wajen da kyau sannan ta nemi masta da tallafi, ta wannan ƙofar yawancinmu muka shiga. Sai dai a sani ɗan masta baya samun zaman zauren nan na mako mako kamar ɗan digirin farko, nashi yafi karkata ga aji da mai duba bincike, dan haka shi sunan malamin da zai duba shi ya kamata ya bi, ko a wace jami'ar yake.

To me nace masa a ƙarshe? Da ɗansa namijin ne, wanda baya gajiya da gardamar siyasa a teburin abinci, da Oxford zan ce ba tare da na yi dogon tunani ba. Amma ita wannan kimiyya take so kuma har yanzu tana tsakanin kemistiri da bayoloji, bata son hayaniya, jarrabawar da aka tara wa nauyi tana hana ta barci, uwarta kuma hankalinta bazai kwanta da hostel ɗin haɗaka ba. Duk da son da nake wa Oxford da furenta, nace Yaya Cambridge, Natural Sciences, ta saka Newnham. Sannan nace kar mu yanke mata, a bata jadawalin kwas ɗin duka biyun ta karanta da kanta shekara shekara, in ta ga na Oxford ne ya ja ta to ta bi shi mu bi ta da addu'a. Jiya da daddare ta turo min saƙo wai Anti na karanta, yanzu kuma jarrabawar shiga da intabiyun watan Disamba nake tsoro, nace ta kawo littafin kemistirinta ranar Asabar mu fara, ni zan riƙa tambaya ita tana amsawa da baki.